Giɓin Daren Talata

Shekara biyu da wata huɗu Nahid ta yi tana gadin tauraro ɗaya. Ba irin wanda za ka nuna wa mutum da yatsa ba ne. Ko a madubin hangen nesa na 'yar cibiyarsu, can kan tudu a yammacin Fayyum ta ƙasar Masar, ɗigo ne kawai da bai kai ƙwayar riɗi ba. A gaskiya ma su biyu ne suke zagaya juna, ɗaya mai rai, ɗaya matacce da ya dunƙule ya yi nauyi, yana zuƙar iskar ɗan'uwansa sannu a hankali. In abin da ya zuƙa ya taru sai ya kama da wuta, ya watso irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, hasken da ido ke gani ma ya ninka. Rabonsa da yin haka shekara goma sha ɗaya. Malaminta, Dakta Midhat, ya yi lissafinsa ya ce lokaci ya yi, ya damƙa mata tauraron ta yi digirinta na uku a kansa.

Tun daga ranar tauraron ya gyara kwanciya. Duk safiya kwamfuta takan auna haskensa a hotunan daren jiya ta zana mata layi, layin kuwa kullum a miƙe yake sambal.

Ranar Laraba ta iso cibiyar wajen ƙarfe tara na safe, idanunta jajur, da ƙunshin fatir, gurasar nan mai man shanu, da zafinsa a hannu. Ba a nan ta kwana ba, kuma aikinta ne ta kwana. Da goma na dare aka kira ta cewa yayarta Suhair ta fara naƙuda, mijin yana Kuwait, mahaifiyarsu kuma sai kuka take a waya. Nahid ta saita madubin ya ci gaba da ɗaukar hoto da kansa, ta roƙi Baffa Girgis ya riƙa leƙawa, ta ja mota. An haihu da asuba, mace.

Baffa Girgis shi ne mai kula da injinan cibiyar, shekararsa talatin da ɗaya a wurin. Ta same shi zaune a bakin ƙofar kicin da kofin shayi da ya riga ya huce.

"Baffa, an sauka lafiya. Mace. Ga fatir na kawo maka."

"Barka, barka. Allah ya raya." Ya dubi ƙunshin bai miƙa hannu ba. "Da man shanu ne, ko? Yau Laraba, 'yata."

"Kai, na manta yau azuminku ne na Kirista, ba ka cin abin da ya fito daga dabba. Daren fa? Babu matsala?"

"Dare ya wuce," in ji shi, ya sunkuya yana gyaran madaurin takalmin da ba a kwance yake ba.

Ba ta kula ba. Ta shiga ɗakin aiki, ta kunna kwamfuta, ta sa ta auna hotuna ɗari huɗu da 'yan kai, ta kifa kai a tebur tana jira. Da ta ɗago, ta daɗe tana kallon allon ba ta gane abin da take gani ba. Layin ya taho a miƙe tun tara na dare kamar kullum. Wajen ɗaya da minti goma ya fara hawa. Ya hau, ya hau, har hasken ya kusa ninka huɗu. Daga nan babu komai, giɓi fari fat na minti ashirin da biyar. Bayan giɓin layin ya sake bayyana yana gangarowa, kafin ƙarfe uku ya dawo ƙasa.

Ta ɗauki hoton allon ta tura wa Dakta Midhat. Sai da saƙon ya tafi ta tuna ko hoto ɗaya ba ta buɗe ta gani da idonta ba.

Ba a yi minti biyu ba waya ta yi ƙara.

"Nahid, wannan na daren jiya ne?"

"E, Dakta."

"Na ce muku zai tashi. Ban ce ba? Kowa ya ce Midhat ya tsufa." Tana jin ƙarar mukullai da ta ƙofa. "Amma me ya sa ya sauka da wuri haka? Kuma wannan giɓin na tsakiya fa? Gajimare?"

"Zan... zan duba littafi, Dakta."

"Wane littafi? Ba ke kika zauna a kai ba? Bari, ga ni nan tafe. Kada ki faɗa wa kowa."

Daga Alƙahira tafiyar awa biyu ce in hanya ta yi kyau. Nahid ta buɗe littafin da ake rubuta abin da ya faru da dare. Rubutunta ne na ƙarshe: ƙarfe tara, an fara, sama garau. Ƙasansa babu ko ɗigon biro. Ta fita ta tarar da Baffa Girgis ya bar ƙofar kicin ya koma bayan ɗakin janareta yana goge abin da ba ya buƙatar guga.

"Baffa, tsakanin ɗaya da rabi da ƙarfe biyu me ya faru? An ɗauke wuta?"

"Wuta ba ta ko ƙifta ba."

"Gajimare?"

"A watan nan? Ina za a samo shi?"

"To me ya tsayar da madubin?"

"Inji ne, Daktar gobe. Shi ma yakan yi tari." Bai dube ta ba. "Akwai abin da ya lalace a aikinki?"

"Ban sani ba ko lalacewa ya yi ko gyaruwa. Tauraron ya yi haske jiya."

Tsohon ya tsaya da tsumma a hannu. Ta ga kamar zai yi magana, sai ya ce janareta na buƙatar mai, ya zagaya ɗaya gefen. Ta tsaya cikin rana tana mamaki. Mutumin da in ƙusa ta kwance sai ya ba ka tarihinta tun daga masana'anta, yau shi ne ke cewa inji ya yi tari.

Ta koma ta shiga shafin da ake zuba bayanan tauraron ɗan'adam mai auna hasken nan na hoton ƙashi da irin waɗannan taurari ke watsowa. In nata ya tashi da gaske, can ya kamata a fara ganin alama. Babu komai. Ta duba kwanan wata, ta sake dubawa ko ta rikita agogon Masar da na duniya. Ba ta rikita ba. A can sama tauraronta barcinsa yake, a nan ƙasa kuma ya ninka huɗu. Kanta ya ɗaure tamau. Ga barci na fizgarta, ga warin asibiti bai bar hancinta ba, har ta fara tunanin ko wani tauraro dabam ta saita madubin a kai cikin gaggawa. Ta duba lambobin. Shi ne.

Dakta Midhat ya iso dab da azahar, rigarsa ta jiƙe da gumi, da takarda a hannu da ya riga ya rubuta sanarwa a kanta tun a hanya. Gajere ne mai tumbi, in yana murna ba ya iya zama.

"Layi shida kawai. Mu tura yau kafin wasu su riga mu."

"Dakta, tauraron ɗan'adam bai ga komai ba."

"Bai ga komai ba?" Ya sunkuya kan allon, ya cire tabarau, ya mayar. "To ai wannan ya fi daɗi. Hasken ido ya riga wancan tashi. An taɓa ganin haka, kwana biyar ko shida tsakani."

"Amma ya sauka cikin awa biyu."

"Ya yi atishawa ke nan kafin ya farka." Ya sake duban zanen. "A'a. Atishawa ba ta yin tudu mai kyau haka, hawa da sauka daidai wa daida. Wataƙila wani abu ne ya gifta ya tattara hasken. Ko kuma..." Ya jera dalilai uku, yana rushe kowanne da kansa kafin ta buɗe baki. Daga ƙarshe ya ja kujera ya zauna. "Ke da kike nan, me kika gani a allo lokacin da yake hawa?"

Nahid ta juya ga allon. "Bari mu buɗe hotunan, Dakta."

Ta buɗe na ƙarfe goma sha biyu. Taurari fes, nata ɗigon na tsakiya. Ta buɗe na ɗaya da ashirin da biyar. Ɗigon ya yi haske, amma ya baje, gefensa ya yi dishi-dishi kamar an shafa yatsa mai maiƙo a gilashi. Sauran taurarin kuwa ƙalau suke.

"Wannan ba tauraro ba ne," in ji Dakta a hankali. "Tauraro ba ya kumbura. Jera su duka su gudana."

Ta jera hotunan suka riƙa wucewa da sauri kamar majigi. Sai ga shi. Daga gefen hagu wani ɗan tabo mai kama da auduga ya taho yana rarrafe, tun hoton farko yana nan ashe, a dushe. Ya matso, ya matso, ya hau kan tauraronta ya zauna. Hoton ya yi tsalle inda giɓin yake. Sai ga tabon a ɗaya gefen yana ci gaba da tafiyarsa, ko waiwaye babu.

Dakta ya ninke takardar sanarwarsa biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihu.

"Nahid, awa shida abin nan na tafiya a gabanki. Ko barci kika yi?"

"Ba na nan, Dakta."

"Ba kya ina?"

"Ina asibiti. Yayata ce ta haihu. Na tafi da goma na dare, sai da safe na dawo."

"Kika turo mini zane kamar kina wurin."

"Ban ce ina wurin ba."

"Ba ki ce ba kya wurin ba." Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. "Saura ƙiris na sa sunana a kan abin da zai sa a yi mini dariya har in mutu. Da kin kira ni kin ce 'yar'uwarki na naƙuda, ce miki zan yi ki zauna? Haka kika ɗauke ni?"

Ita kanta ba ta san yadda ta ɗauke shi ba.

"To wa ya tsayar da madubin?" in ji Dakta.

"Ni ne, Dakta."

Baffa Girgis ne tsaye a bakin ƙofa, da hularsa a hannu. Ba su san tun yaushe yake wurin ba.

"Yarinyar nan ta bar mini amana. Wajen ɗaya da rabi na leƙo, na ga ƙazanta a kan tauraronta, daidai kansa. Na ce raɓa ce ta kwanta a gilashin kyamara, ko ƙwaro ya yi kashi. Shekara biyu tana jiran abin nan, ba zan bari a ce a hannuna ya ɓaci ba. Na tsayar, na hau tsani, na kwance murfi, na goge. Ban sami komai ba. Na mayar na kunna, sai na ga ƙazantar ta matsa gefe." Ya murza ɗan gicciyen da ke zane a wuyan hannunsa. "Na ce shi ke nan, Girgis, ka ture wani abu a ciki, ka karkatar da inji. Tun asuba nake neman bakin da zan faɗa."

Dakta ya dube shi, ya dubi Nahid. "Wato ɗaya ta gudu, ɗaya ya hau tsani zai goge sama da tsumma."

Babu wanda ya yi dariya, sai shi kansa, wata 'yar gajera ta hanci.

"Me ne ne shi ɗin, Dakta?" in ji tsohon.

"Tauraruwa mai wutsiya, ina ji."

"Ina wutsiyar?"

"Ba dukansu ke da ita ba."

"Ni da marigayi Dakta Fahim mun ɗauki hoton guda uku a faranti na gilashi, tun kafin a haifi wannan. Kowace da wutsiyarta har gefen faranti. Wannan kuwa majina ce."

"To majinar ce muka samu, Girgis."

Nahid ta shigar da wuri da lokaci a kundin da ake lissafa duk abin da ke yawo kewaye da rana. Suna ɗaya ya fito: wata 'yar ƙaramar tauraruwa mai wutsiya da aka sani tun shekaru, tana dawowa duk bayan shekara bakwai ba wanda ke damuwa da ita. Wurin ya yi daidai. Hanyar tafiyar ta yi daidai. Sai dai kundin ya ce a wannan watan dusashewarta ta kai madubi irin nasu ba zai gan ta ba ko an kwana ana ɗauka.

"To ba ita ba ce," in ji Dakta.

"Ita ce, Dakta. Ba wani abu a wurin."

"Ta fi yadda ya kamata haske sau nawa?"

Nahid ta lissafa, ta goge, ta sake. "Sama da ɗari."

Suka dubi juna. Dakta Midhat ya yi shekara talatin a kan matattun taurari, abin da ya sani game da masu wutsiya bai wuce na ɗan aji biyu ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce ya ji sukan fashe wani lokaci, ƙanƙarar cikinsu ta tsage ta fesar da ƙura, amma kada a tambaye shi dalili. Ya sa Nahid ta bar tauraronta ta auna tabon kansa, hoto bayan hoto. Aikin ya ci su har la'asar. Baffa Girgis ya dafa musu wake da man zaitun, Dakta ya cinye fatir ɗin da aka kawo wa wani. Da layin ya fito, shi ma ba a miƙe yake ba. Daga tara na dare zuwa asuba tabon ya ƙara haske kusan sau uku. A gabansu take fashewa, ko dai a gaban kujerar da babu kowa a kai.

Nahid ta rasa me ya kamata ta ji. Abin da ta jira shekara biyu ya zo na awa biyu ya koma. Abin da ba ta taɓa nema ba ya shigo da ƙafarsa. Malaminta na fushi da ita, kuma yana ta buga kafaɗar kujerarta yana cewa ta ƙara auna wancan hoton.

Suka tura rahoto ga ofishin da ke tattara irin wannan labari. Wurin da aka ce a rubuta wanda ya yi kallon, Dakta ya tsaya.

"Wa zan sa?"

"Baffa Girgis," in ji Nahid. "Shi kaɗai ya gan ta."

"Ni? Ni da na ɓata minti ashirin da biyar?"

"Kai ka gani, ita ta auna, ni na ci fatir," in ji Dakta. "Duka uku za a sa."

Amsa ta zo kafin magariba. Wani malamin firamare a wata ƙasa, da ɗan madubinsa a bayan gida, ya riga su kai labari da awa uku. Amma shi ya gan ta ne bayan ta gama yin haske. Hotunan lokacin da take hawa ba wanda ke da su sai su, kuma ana roƙon su aiko duka, a kuma bayyana dalilin giɓin da ke tsakiya. Dakta ya rubuta cewa an tsaya duba na'ura.

Nahid na shirin rufe kwamfuta idonta ya koma kan layin farko. Ta ƙura masa ido. Bayan baƙuwar ta wuce, layin ya sauko, amma bai dawo daidai inda ya taso ba. Ya tsaya sama kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, har asuba.

"Dakta, zo ka ga."

Ya zo ya gani. "Ƙurar da ta bari ce a baya."

"Na cire ta. Taurarin da ke maƙwabtaka da shi sun dawo daidai."

"To Girgis ya taɓa wani abu da ya kwance murfi."

"Da duka za su canza, ba shi kaɗai ba."

Dakta ya shafa sanƙonsa. Ta ga hannunsa ya nufi aljihun da takardar nan take, ya fasa. "Kada ki sake ɗaga mini hankali yau, Nahid. Zuciyata ba ta yara ba ce."

"To daren yau wanne za mu bi? Madubi ɗaya ne."

"Ban sani ba," in ji shi. Ba ta taɓa jin kalmar a bakinsa ba.

Baffa Girgis ne ya raba gardamar. Ya ce ai ba su yi nisa da juna ba tukuna, a yi minti goma nan, minti goma can, shi zai riƙa juyawa in injin ya yi gardama. Haka aka yi, su ukun suka kwana a wurin. Dakta bai sake tayar da maganar asibiti ba, sai da zai tafi da safe ya tambayi nauyin jaririyar, ya kuma ce daga yau duk wanda zai bar madubi ya rubuta a littafi, ko da gobara ce ta kore shi.

Baƙuwar ta yi mako biyu tana dusashewa, ba ta taɓa fitar da wutsiya ba. Tauraron Nahid ya yi dare uku da ɗan ƙarin haskensa, a na huɗu ya koma yadda yake. Tauraron ɗan'adam bai ga komai ba daga farko har ƙarshe. A kundin digirinta dararen nan uku sun sami shafi ɗaya da rabi, ƙarshensa ta rubuta cewa ba a san dalili ba. Dakta ya so ta sassauta jimlar, ta ƙi, ya ƙyale ta. Babi mafi tsawo a kundin kuwa a kan tauraruwa mai wutsiya yake, har wani daga cikin masu jarraba ta ya tambaya ko ta canza fanni ne ba a sanar ba.

Da rahoton ya fito, Baffa Girgis ya ce ta buga masa a takarda zai kai wa matarsa. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa har ya iso sunansa. An juya haruffa biyu, ya zama Grigis.

"Wannan wane ne?"

"Kai ne, Baffa. Kuskuren bugu ne. Zan rubuta musu su gyara."

Ya daɗe yana kallon takardar. "Bar shi. In suka zo neman wanda ya tsayar da madubi, sai su je su nemi Grigis."

Ya naɗe ta a hankali, ya tafi duba man janareta.